Mil Arba'in da Uku a Motar Abba

Sau uku ina rubuta wannan shafin ina gogewa. Ku da kuka daɗe kuna bibiyata kun saba in zo muku da ƙorafin Umma, ko in zo ina yabon Baha'uddeen har wasu su ce na cika zaƙewa. Yau ba ni da wanda zan kawo ƙara. Ni ce na yi abin, kuma duk wadda ta gama karantawa ta zage ni a comment, wallahi ba zan goge ba.

Ga sababbin shigowa, sunana Fauzia, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani kantin magani a Woolwich, nan London. A Plumstead muke zaune, ni da Umma da Abba. Abbana, Malam Nata'ala, malamin lissafi ne a Katsina kafin ya zo ƙasar nan, a nan kuwa shekara ashirin da biyu ke nan yana tuƙa minicab, wato tasi. Abin da yake taƙama da shi a duniya guda ɗaya ne: tunda ya karɓi lasisi ba a taɓa sa masa point na laifin tuƙi ko ɗaya ba. Duk taron suna ko walima da za a je sai ya san yadda ya jawo zancen. Umma ta ce masa, "Malam, ai kowa ya haddace." Ya yi dariya ya ce to a ƙara bita.

Ni kuwa 'yarsa tilo, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min, points tara ne a kan lasisina. Cikin shekara biyu na tara su. Babu wanda ya sani a gidan, don duk wasiƙar da ta zo da sunana ni nake riga kowa tsintarta a bakin ƙofa. Idan aka ƙara min uku, an hana ni tuƙi na wata shida ke nan. Ƙafata ba ta san sassauci a kan totur ba, ban san inda na gado ba.

Baha'uddeen, saurayina, ɗan Zariya ne, yana digirinsa na uku a fannin lantarki a wata jami'a a Bloomsbury. Shekara biyu ke nan yana ƙera wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannuna ba, ana manna ta a jikin gilashin gaba na mota. Ya sa mata suna A Hankali. Tana ɗauke da taswirar kyamarorin da aka kafa a kan tituna, tana jin radar tun daga nesa, sannan idan wani direba mai irinta ya wuce motar 'yan sanda da ta laɓe da bindigar auna gudu, sai ya danna maɓalli, duk sauran na'urorin da ke yankin su samu labari. Abin da ya bambanta tasa da na kasuwa shi ne ba ta jira sai ka zo dab da kyamara sannan ta yi ƙara ka taka burki a firgice. Tana kallon gudunka da irin titin da kake kai, ta fara lallaɓarka tun da wuri. Kuma da Hausa take magana. Muryata ce a ciki. Rana guda muka ɓata a ɗakin gwajinsu ina maimaita "rage gudu, akwai kyamara a gaba", yana cewa in sake, wai na yi kamar mai faɗa.

Direbobi goma sha biyu ya bai wa su gwada masa, Abba ne na farko. Abba ba ya bukatarta, kowa ya sani, amma ya karɓa da hannu biyu saboda yana son yaron. Umma ce dai har yau take kiransa "mai kayan wayoyi". Ita Dakta Abdul-Jalil take so, ɗan aminiyarta da ke Croydon, mai gida da aiki da mota. Kullum zancen ke nan: "Ke Fauzia, na'ura za ki ci?"

To ga abin da ya faru.

Ranar wata Asabar, motata tana gareji, ina zaune ina cin ragowar masar safe sai saƙon murya ya shigo daga Anti Sadiatu, 'yar Gana da take mana ɗinki a Thamesmead. "Fauzia, rigan ka ya gama. In ka ba zo ƙarfe biyu da rabi ba, ni na rufe shago, gobe na tafi Kumasi, sai wata ɗaya." Leshin ankon bikin ƙawata Suweiba ne, ruwan zuma da duwatsu a wuya, kuma saura sati biyu biki. Na duba agogo, biyu saura minti biyar.

Umma ta tafi kasuwa. Abba ya dawo daga aikin safe, ya yi azahar ya kwanta, ina jin minsharinsa ta cikin ƙofa. Mukullin motarsa yana rataye inda yake ratayewa, kusa da kalandar salla. Sunana yana cikin inshorar motar, kuma da na tashe shi na tambaya zai ba ni, sai dai zai haɗa min da nasihar minti goma. Na zura doguwar riga, na yafa mayafi, na zare mukullin a hankali.

Ina tayar da motar wayata ta haɗu da na'urar da kanta, ban ma lura ba. Na hau titi, na fara takawa. "Rage gudu." Na yi tsaki. Na ƙara gaba kaɗan, "Rage gudu, nan mil ashirin ne." Kun san haushin da mutum yake ji idan muryarsa ce take masa faɗa? Da ta ce, "An ga motar 'yan sanda a gaba," sai na ce a raina ai tun safe aka danna wannan, sun daɗe da tafiya. Na miƙa hannu na kashe mata murya.

Ban gan su ba sai da na wuce. Farar mota ce a ƙarƙashin bishiya, tagar bayanta a buɗe. Na ce a raina wataƙila wani suke auna.

Na karɓo leshina, na dawo uku da 'yan mintuna, na mayar da kujera yadda take, na gyara madubi, na kunna wa na'urar muryarta, na rataye mukulli. Abba bai ko juya ba.

Kwana goma bayan nan, ranar Talata, na dawo daga aiki na tarar da su a falo. Umma tana tsaye da ludayi a hannu, ƙamshin miyar kuka ya cika gidan. Abba yana zaune a kujerarsa da jallabiyarsa mai ruwan toka, gilashi a kan hanci, takarda a hannu. Bai amsa sallamata da ƙarfi kamar yadda ya saba ba.

"Mamana, zo ki karanta min wannan, ko idona ne."

Na karɓa. Lambar motarsa, ranar Asabar, ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu, mil arba'in da uku a titin mil ashirin. A ƙasa an ce mai motar ya rubuta sunan wanda yake tuƙi a lokacin, ya mayar cikin kwana ashirin da takwas. Gudun ya wuce na biyan tarar kuɗi kawai, sai an je kotu.

Na mayar masa da takardar.

"Na duba app ɗin aikina," in ji Abba, "babu fasinjan da na ɗauka a wannan lokacin. Ni dai abin da na sani na kwanta." Ya cire gilashin ya kalle ni. Ba kallon tuhuma ba ne, wallahi, kallon mai neman taimako ne. "Ko ke kika ɗauki motar, Mamana?"

Jama'a, daƙiƙa biyu ce. Na ga points tara, na ga kotu, na ga fuskar Umma, na ga sunana a bakin matan unguwa ana saura kwana huɗu bikin Suweiba.

"A'a, Abba."

"Ina za ta je?" Umma ta karɓe. "Na bar ta a gida, na dawo na same ta a gida."

Abba ya gyaɗa kai a hankali. Bai sake tambayata ba, don ban taɓa yi masa ƙarya ya kama ni ba. Ya kalli takardar ya daɗe, sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "To ina na je?"

Na ɗauka zai yi fushi ne, ya ce kuskuren 'yan sanda ne, ya rubuta musu. Na ma shirya taya shi. Ya nemi hoton da 'yan sandan suka ɗauka, aka aiko, motar ce daga baya, ba a ganin kowa a ciki. Motarsa ce dai, har da 'yar lotsawar da ke jikin bamba. Daga ranar Abba ya canza.

Ya daina fita aiki. Ya ce ba zai ɗauki 'ya'yan mutane a mota ba alhali bai san abin da kansa yake ciki ba. Ya fara rubuta komai a wani ɗan littafi: na yi salla, na sha magani, na kulle ƙofa. Ranar bikin Suweiba na fito cikin leshin nan, ɗauri ya zauna, humra tana tashi, ya ɗago ya ce, "Masha Allah, Mamana." Sai na ga ya buɗe littafin ya rubuta ƙarfe nawa na fita. Haka na je wurin dina, aka yi ta hotuna, ina murmushi, ban ko taɓa abincin ba.

Ranar Litinin Umma ta raka shi wurin GP, likitan unguwarmu. Da suka dawo ta same ni a kicin ta rage murya. "An sa shi ya zana agogo, an ba shi kalmomi biyar ya riƙe. Duk ya ci, amma ya ƙi yarda. Ya ce yayansa ma haka ya fara ruɗewa." Idonta ya ciko. Ta ɗauko zamzam ɗin da take ɓoyo tun aikin hajjinta ta zuba masa a kofi. Ni na kai masa. Da hannuna na miƙa masa, ya sha, ya sa min albarka.

Kullum sai in ce gobe. Gobe ta yi, in ga fuskarsa, in kasa.

Ranar Laraba na dawo na ga na'urar ba ta jikin gilashin motar. Na tambayi Umma, ta taɓe baki. "Mai kayan wayoyin ne ya zo ya cire. Malam ne ya kira shi, wai ya duba masa ko abin ya yi masa magana ranar bai ji ba."

Sai a lokacin na tuna. Baha ya taɓa gaya min, ina danna waya ina ce masa "uhm", cewa na'urorin gwajin suna ajiye bayanin kowace tafiya.

Da safiyar Alhamis, ina jera magunguna a kanta, saƙonsa ya shigo.

"Fauzi, ina son ganinki yau. Russell Square, ƙarfe ɗaya."

Babu zuciya, babu 'yar fuskar dariyar da yake liƙawa a ƙarshen kowane saƙo. Na rubuta, "Lafiya?" Ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. "Ki zo kawai."

Na ce wa manaja ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Na hau jirgi da baƙar abayata da kot a kai, ko hoda ban shafa ba. Na same shi a benci kusa da wurin feshin ruwa, da jakarsa ta goyo da wannan shuɗiyar rigar sanyin da na ce ya jefar ya ƙi. Ya sayo min shayi, ya ajiye a tsakaninmu. Ya buɗe laptop ya juyo min da ita.

Taswira ce da jan layi daga ƙofar gidanmu zuwa Thamesmead. A gefe an jera lokuta.

"Nan ta yi gargaɗi na farko," ya ce yana nunawa da yatsa. "Nan na biyu. Nan ta ce akwai 'yan sanda, wani direbanmu ne ya danna minti shida kafin nan. Nan aka kashe muryar, da hannu." Ya sauke yatsan zuwa layin ƙarshe. "Wannan kuma sunan wayar da ta haɗu da ita."

Fauzi's phone, da 'yar fulawa a gefe. Ni na sa fulawar.

Ban yi musu ba. Kuka na fara, irin mai zuwa da majina, mutane suna wucewa da karnukansu suna satar kallona. Na gaya masa komai, har points taran da bai sani ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Jiya da na je karɓar na'urar, Abba ya riƙe hannuna a bakin mota ya ce, Baha'uddeen, in ka ga alamar na fara ruɗewa kar ka ɓoye min, gara in sani. Fauzi, mutumin nan a tsorace yake."

"Na sani."

"Kwana tara kina kallonsa a haka."

"Na ce na sani!"

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ga abin da ya sa na yi ta goge shafin nan. Na share hawaye, na matsa kusa da shi, na sassauta murya irin yadda na san yana so.

"Baha, ka goge shi."

Ya kalle ni.

"Ka ce masa na'urar ba ta ajiye komai ba ranar, ta samu matsala. Abba ba shi da point ko ɗaya, ko an sa masa ba za a karɓe lasisinsa ba. Ni kuwa suna ƙara min shi ke nan. Daga baya, in komai ya lafa, ni da kaina zan gaya masa. Don Allah. In kana sona."

Na faɗa. Da bakina na faɗi wannan ta ƙarshen.

Ya rufe laptop ɗin a hankali. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi son a ce ya ɗaga.

"Kin san sau nawa samari suka zo suna roƙona in ƙera musu wadda za ta makantar da bindigar laser ta 'yan sanda? Na iya, ba wuya. Na ƙi, don wannan ba gargaɗi ba ne, ɓoye laifi ne. Ni abin da nake ƙerawa don mutum ya rage gudu ne. Titin da kika bi, kin san akwai filin wasan yara a gefensa? Ranar Asabar ce fa, Fauzi."

Na sunkuyar da kai.

"Sannan wa ya ce miki ba abin da zai samu lasisin aikinsa? Mil arba'in da uku ne, kotu ce. Kuma sa sunan wanda ba shi ya yi tuƙi ba a wannan fom ɗin, da sani, har gidan yari ana zuwa a kansa. Duk ki bar wannan ma. Kina so in kalli Abba in bar shi ya ci gaba da zaton hankalinsa ne yake tafiya?"

"To ka je ka faɗa masa mana, tunda kai ne na Allah."

"Ba zan faɗa ba. Ba daga bakina ya kamata ya ji ba." Ya saɓa jakarsa. "Amma na yi masa alƙawarin amsa gobe bayan Juma'a. In ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Ina sonki, shi ya sa na fara kiranki."

Ya tafi. Shayin yana nan a kan bencin ban taɓa ba.

Ban san yadda na kai gida ba. Na dai tuna a jirgi wata tsohuwar Baturiya ta miƙo min tishu. Wajen uku da rabi na sa mukulli a ƙofa. Umma tana sama tana guga, ina jin rediyonta. Abba yana teburin cin abinci, da hularsa a kai, littafinsa a gabansa, ya zuba wa taga ido.

Na ajiye jaka. Na durƙusa a kan kafet a gabansa, abin da rabon da in yi tun ranar sallar bara.

"Mamana, lafiya? Me ya dawo da ke yanzu?"

"Abba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na ɗauki motar. Kana barci. Na je karɓo ɗinki wurin Anti Sadiatu. Na'urar ta yi magana sau uku, na kashe ta. Lafiyarka ƙalau, Abba, ba inda ka je, kana kwance har na dawo."

Na ci gaba da zuba, points ɗin, wasiƙun da nake ɓoyewa, har abin da na roƙi Baha ɗazu. Kaina yana ƙasa, ƙafafunsa kawai nake gani cikin silifas.

Da farko wata doguwar ajiyar zuciya ya yi. "Alhamdulillahi," ya ce. Ya sake cewa, "Alhamdulillahi." Na ji muryarsa ta karye. Na ɗago, na ga ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna motsi. Ban taɓa ganin Abba yana kuka ba, ko ranar da aka bugo aka ce yayansa ya rasu.

Da ya sauke hannun, fuskar da na gani ba ta fushi ba ce. Kallona yake kamar yana son tuna inda ya san ni.

"Ke kika kawo min zamzam," ya ce.

"Abba, ka yafe min."

"Na tambaye ki. A falon nan na tambaye ki."

Ya rufe littafinsa ya ture shi gefe.

"Da safen nan na cike fom ɗin. Na rubuta sunana, na sa hannu, na taka da ƙafata na jefa a akwatin gidan waya. Na ce tunda ni ne, ba amfanin jan lokaci."

Ya miƙe, ya ɗauki carbinsa, ya zagaye ni ya wuce. A bakin ƙofa ya tsaya yana sa takalmi, na ɗauka zai ce wani abu. Ya ce wa Umma, wadda ban san lokacin da ta sauko ta tsaya a kan matakala ba, "Na tafi masallaci." Ƙofa ta rufe.

Na jira mari. Na jira "kin kashe ni, Fauzia". Umma ta sauko, zaninta ɗaure a ƙirji kan rigar gida, ta leƙa ta taga har ta ga ya sha kwana. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta ce in tashi daga ƙasa.

"Wa ya sani bayan mu?"

"Baha kawai."

"A cikin na'urar abin yake?"

"Da laptop ɗinsa."

Ta yi shiru tana murza zoben hannunta. Na san wannan shirun, shi take yi in tana lissafin yadda za a fita kunyar baƙi.

"Saurara. Takarda ta riga ta tafi. Ubanki bai yi ƙarya ba, a lokacin da ya sa hannu haka ya yi imani. Shi ba shi da tabo, za su sassauta masa. Ke kuwa in aka kai ki kotu, wurin aikinki za su ji, garin nan kaf za a ji, a ce 'yar Malam Nata'ala ta bar ubanta yana zaton ya zautu. Wa zai kalle ki? Malam ki bar ni da shi, in ya huce zan san yadda zan yi." Ta turo min wayata da ke kan tebur. "Kira yaron nan."

"Umma, na roƙe shi, ya ƙi."

"Ke kika roƙa, ba ni ba." Ta kalle ni ido cikin ido. "Ki ce masa ni na ce ya goge. In ya goge, ya turo magabatansa ƙarshen watan nan. Na janye maganar Abdul-Jalil, ni da kaina zan kira uwarsa in ba ta haƙuri."

Shekara ɗaya da rabi ina roƙon Allah in ji wannan maganar daga bakin Umma. Na yi azumi a kanta. Na yi kuka a kanta a shafin nan kuna ba ni haƙuri. Ga ta an miƙo min, a ranar da na fi kowace rana ƙyamar kaina. Kuma kar in yi muku ƙarya, zuciyata ta motsa. Har na fara jera yadda zan faɗa masa.

"Hau sama ki kira shi a nutse," in ji Umma. "Ki yi masa magana mai daɗi."

Na hau. Na zauna a bakin gado, leshin bikin yana rataye a jikin wardrobe tun ranar ban ninke ba. Na danna sunansa. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wayar tana hannunsa.

"Fauzi."

"Na'am."

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa."

Na ji ya sauke numfashi. "Yaya yake?"

"Ya tafi masallaci. Baha, ya riga ya aika fom ɗin da sunansa, yau da safe."

"Innalillahi. To ana iya gyarawa, amma sai an yi sauri. Sai ku rubuta musu ku biyu, ku ce kuskure ne, ki ba da sunanki."

Na rufe ido. Maganar Umma tana bakina, kalma ɗaya ta rage in sake ta.

"Ka turo min bayanin tafiyar nan gaba ɗaya," na ce. "Da taswirar, da lokutan, da sunan wayata. Zan haɗa da wasiƙar. Kuma Baha, kar ka goge komai. Ko wa ya kira ka, ko me aka ce za a ba ka."

"Wa zai kira ni?"

Ban amsa ba, don katakon bakin ƙofata ya yi ƙara. Na juya. Umma ce tsaye, hannunta a kan mariƙin ƙofa, ta ji komai. Ta kalle ni ta kalli wayar, sannan ta miƙo hannu.

"Ba ni shi," ta ce.